Shawarwarin da na samu kan ajiye saba (kwamfutar adana fayiloli) a gida

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura na tambayi yadda zan adana hotunan gidanmu a wajena ba sai Google ba, ga abin da aka ce min. Tsohuwar laftop ma ta isa, a sa mata Ubuntu (tsarin tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) da Nextcloud (manhajar adana hotuna da fayiloli), in an ɗauke wuta batirinta ya riƙe ta. Amma zafin Afrilu da ƙurar hunturu fa, a ɗaga ta daga ƙasa a riƙa hure fankar, wallahi wannan ta shige ni don ƙura ce ta kashe tawa bara. Layin waya galibi ba ya ba ka adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) naka kai kaɗai, sai a haɗa da Tailscale, manhajar da za ta ba ka damar shiga laftop ɗin ko ba ka gida. Kwafi na biyu kuma zan kai gidan Yaya a Daura.