Ƙanena yana fita yawo bayan farfaɗiya ta sake shi

Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 17 yana fama da farfaɗiya, kuma yana shan Gardénal kowane dare kamar yadda likita ya rubuta masa. Abin da ya fi damunmu shi ne, da zarar jijjigar ta lafa, sai ya miƙe ya kama hanya, idanu a buɗe, yana murza bakin rigarsa, ba ya amsa kira, daga baya kuma ba ya tuna komai. Ranar Juma'a a bakin Gulbin Maradi muka tsince shi, ba takalmi, ga gulbin ya kawo ruwa. In muka riƙe shi da ƙarfi, sai ya yi ta fizge-fizge.

Don Allah, wannan yawon cikin ciwon yake, ko ruɗewar da ke biyo bayansa ce? Yaya za mu tsare shi ba tare da mun kulle shi a ɗaki ba?