Tiritimen yana gyara tsohon inji kuwa?

Mai Golf 3: Salam 'yan uwa, motata ta fara shan baƙin mai, da safe kuma tana hayaƙi shuɗi-shuɗi, wai in na zuba tiritimen ɗin nan na gwangwani da ake ƙara wa baƙin mai zai taimaka?

Bakanike: Alhaji kauri kawai yake ƙara wa mai, ƙarar inji ta ɗan lafa amma ringin fistan in ya cinye ya cinye sai canji. Hayaƙin safe kuma galibi bal sil ne (robar da ke hana baƙin mai gangarawa ta bal zuwa inda fetur ke ƙonewa), a fara duba shi tukuna.

Direban haya: Gaskiya ne oga, ni baƙin mai mai kauri 20W-50 nake sawa kuma duk sabis sai na canza filta, jabun filta ita ke kashe inji wallahi ba ta tace komai.

Bakanike: Kuma ka guji man jarka na bakin titi.