Wadda ta koyi aiki a asibitin kuɗi, ta zama nas ko ba ta zama ba?

Baban Khadija, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Wani asibitin kuɗi a unguwarmu ya ce zai ɗauki 'yata ta koyi aikin nas shekara biyu, su ba ta takarda. Ni dai a ganina aikin jinya a hannu yake. Wadda ta shekara biyu tana kwana da marasa lafiya ba abin da 'yar makaranta za ta nuna mata.

Sista Hauwa, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Yaya, don girman Allah kada ka kai ta. Takardar nan ba inda za ta yi mata amfani sai cikin asibitin da ya buga ta. A Najeriya hukuma ɗaya ce ke yi wa nas rajista da ba ta lasisi, wato NMCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, kuma ba ta san da masu koyon hannu, waɗanda ake kira ogzilari, ba. Sai ka shiga makarantar da ta amince da ita, ka ci jarrabawarta, ta rubutu da ta gwaji a gaban masu sa ido. A jami'a shekara 5 ne, sannan shekarar sanin makamar aiki. A kwalejojin jinya irin ta jihar Legas da ke Igando ma shekaru ake yi, kuma ba zaman aji kaɗai ba ne, ɗalibai na ɗakin marasa lafiya suna karɓar aikin dare kamar kowa.

Alhaji Mai Goro: Sista, ba na musa iliminki. Amma wa ke duba matanmu a Agege da Alaba Rago? Iyalina ba ta jin Yarbanci, Turancinta kaɗan ne. Yarinyar da ke mata awo Bahaushiya ce, a hannu ta koya, kuma allurarta ko jin shigarta ba ka yi. Idan aka kore su, wa ya rage?

Sista Hauwa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Iya soka allura kowa zai koya cikin mako. Abin tambaya, ta san dalilin da ya sa ake yin ta a ɓangaren sama na waje na ɗuwawu? Akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka ƙafa. In aka same ta, yaro ya tashi yana jan ƙafa. Ko mai ciki ta zo da ciwon kai, fuska da hannu a kumbure, tana cewa idonta na ganin dishi-dishi, awon jini ya nuna 160 bisa 110. Mai koyon hannu za ta rubuta lambar a kati ta ba ta Panadol. Wadda aka karantar ta san jijjiga ce ke tafe, za ta gwada fitsari, ta kira likita a take, ta san ana buƙatar maganin magnesium sulphate, ta kuma san alamun da za ta duba kada ya yi wa mace yawa. Wannan ba a tsintarsa da kallo, Baba.

Maman Amira, Mile 12: Wallahi gaskiya ne. Ɗana yana da wata takwas aka sa masa ƙarin ruwa a wani ƙaramin asibiti. Ba wanda ya ɗora shi a sikeli, ruwan na ta zuba kamar na babba, har na ga fatar idonsa ta kumbura yana numfashi sama-sama. Da muka kai ƙara, mai asibitin ya ce yarinyar mai koyo ce. To wa zan kama? Ba ta da lasisin da za a ƙwace.

Malam Idi, Obalende: Ni malamin makaranta ne, bari in faɗi inda gizo ke saƙar. Kafin a shiga makarantar jinya sai da kiredit 5: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zama bai wuce biyu ba, ga kuma JAMB. 'Ya'yanmu mata nawa muke bari su kai aji uku na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya? Muna cire su da wuri, sannan mu ce ƙofa ta yi ƙunci.

Alhaji Mai Goro: Malam, ga kuɗin makaranta kuma? Sannan waɗanda aka kashe wa kuɗin ai Ingila suke tafiya. Magatakardan hukumar NMCN da kansa ya faɗa a 2024 cewa sama da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Da babu gara ba daɗi.

Usman, Idi-Araba: A nan ina tare da Baba rabi da rabi. Lokacin da hukumar ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita, har ofishinsu na Yaba nas-nas suka je zanga-zanga. Doka ba za ta tsayar da su ba in albashi bai gyaru ba. Amma Baba, ka lura Ingila ba ta ɗaukar ogzilari a matsayin nas. Me ya sa mu za mu karɓa wa matanmu?

Alhaji Mai Goro: Saboda su muke gani in dare ya yi, ɗana. Ni ban sauka daga nan ba. A ba su horo na gaskiya, a yi musu matsayi.

Sista Hauwa: Wannan kam na yarda da shi, Baba, in za a kira su mataimaka, su yi wanka da shimfiɗa da awon zafin jiki a ƙarƙashin nas mai lasisi, ba a sa musu farar riga a bar su da ɗakin haihuwa ba. Hukumar HEFAMAA da ke sa ido kan asibitoci a Legas ta sha rufe waɗanda ba su da ƙwararrun ma'aikata, amma su nawa za ta zagaya? Abin da ya fi damuna yanzu ma daban ne. Tun a baya gwamnati ta ɗaga yawan ɗaliban jinya da ake ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Madalla, amma malaman da za su tsaya a kansu a bakin gado su ne ke tafiya. Na ga ɗalibai sun yi cincirindo a kan mai haihuwa ɗaya, na baya ko hannun ungozoma ba sa hangowa, kuma kowa za a sa masa hannu a littafi cewa ya gani.