Shawarwarin 'yan Maraɗi kan shan askirim a bakin teku

A wata tattaunawa da aka yi tsakanin 'yan kasuwar Maraɗi masu zuwa Lome da Kwatano, an tattara shawarwari ga wanda zai kai iyalinsa shan askirim a bakin teku lokacin zafi. Abin da aka fi jaddadawa shi ne a zaɓi shagon da ke da janareta, domin askirim ɗin da ya narke aka sake daskarar da shi yakan ɓata ciki, musamman na yara, kuma ana gane shi da ɓurɓushin ƙanƙara a samansa. A ganina wannan ita ce shawara mafi nauyi.

Wani dattijo ya ja hankali cewa a riƙa tambaya kafin a saya, saboda akwai nau'in da ake zuba wa barasa, kamar mai zabibi. Mafi yawa sun fifita ɗanɗanon kwakwa da na mangwaro, sun kuma ce a karɓa a kofi, tunda iskar teku tana saurin narkar da shi. Kuɗi dai sefa ne kamar na gida, sai a tanadi canji, a fita bayan la'asar.