Motar hawan dutse: wane inji, wane fon, wace amortisa?

Yaron garaji, Sabon Gari: Salamu alaikum, manyanmu. Muna son haɗa motar ƙarfen bututu irin wadda Amurkawa ke haura gangaren dutse da ita a guje a Tenesi da Alabama. A nan Maraɗi za a haɗa ta, a kai ta duwatsun Damagaram gwaji. Da me za mu fara?

Mai garaji, Zariya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bar zancen inji tukuna, fara da taya da fon, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi yana juya su. Su can tayar inci 42 zuwa 44 suke sawa, shi ya sa suke neman fon Rockwell na motar soja, mai giya 6.72, ko 14-bolt na GM. Mu abin da ke hannunmu fon Land Cruiser 80 ne. Da tayar inci 35 yana haƙuri. Ka wuce haka, gwiwar Birfield, mahaɗin da ke kai wa tayar gaba ƙarfi yayin da sitiyari ke juya ta, za ta tarwatse, kuma lokacinta sananne ne: taya ta tashi sama tana juyi a banza, ta dawo ta cafki dutse direba na take da totur. In ka samu fon Patrol Y61, giyarsa ta gaba ta fi girma, ɗauke shi.

Makaniken injin fetur: Gaskiyar maigida ce. Kuma kada son injin 1HZ na Toyota ya ja ka. Injin amana ne, amma lita 4.2 na gazwal, ƙarfin doki wajen 130, ga nauyi. Rarrafe zai yi, wannan wasa kuwa saurin juyin taya yake so. Can injin LS na kamfanin GM mai silinda takwas (V8) suke ɗorawa, lita 5.3 ko 6.0, su ƙara masa ƙarfi. Namu mai samuwa 1UZ ne na Lexus LS400, lita 4, jikin alminiyom, doki wajen 250, ko 2UZ mai lita 4.7, wanda ya fi nauyi amma ya fi ja daga ƙasa. In za ka Ƙofar Ruwa a Kano, saya shi da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa cikakku, in ba haka ba mai lantarki zai cinye rarar kuɗin.

Abin da ke kashe inji a gangare mai ne: mota ta miƙe tsaye, mai ya gudu gefe guda, famfo ya sha iska, metal ya ƙone. A yi wa kaskon mai shingaye a ciki. Kafireta ma ambaliya take yi a tsaye. Lagireto a mai da shi baya da fanka biyu na lantarki, don zafin Afrilu ya wuce digiri 40. Bwat, wato akwatin giya, ta zama otomatik, da nata abin sanyaya mai daban.

Mai gyaran ƙafar mota: Cire lam, wato sifirin na falalen ƙarfe, gaba ɗaya. Da ƙarfi ya zo sai ta lanƙwashe, fon ya murɗa, kardan, sandar da ke kai ƙarfin inji ga fon, ya karye. Sanduna huɗu a kowane fon, na sama a haɗe kamar kusurwa don su hana fon zamewa gefe, tsawonsu kamar kashi uku cikin huɗu na na ƙasa. Amortisa mai sifirin biyu a jikinta, tafiyar inci 14 ko 16, kaurin inci 2.5, siririya tana zafi ta saki. Sa roba ko ƙaramar amortisa ta tare dukan ƙarshe, da ɗamarar da za ta riƙe fon kafin amortisa ta miƙe duka.

Yaron garaji: Yallaɓai, amortisa ta iska zalla fa, mara sifirin? Ta fi araha.

Mai gyaran ƙafar mota: Ga mota mara nauyi mai rarrafe, e. A tsalle tana zafi, tsayin mota ya canja, a karkace kuma sai ta ture ka. Kowacce ka saya, naitirojin kaɗai ake dura mata. Kada wani ya sa mata iskar kwalbar walda, in ta haɗu da mai, fashewa suke yi.

Mai walda, Bagalam: Bututun ruwa ba ya yin keji, wato firam ɗin ƙarfe da ke kare direba. Nemi bututun ƙarfe na DOM, inci 1.75, kaurin bango milimita 3. Sandunan ƙasa kuwa milimita 6, don su ke gogar dutse. Kada ka walda mazaunin amortisa sai ka ɗaga fon sama da ƙasa da jak, taya a jiki, sitiyari a karye ƙarshe, ka ga inda take taɓawa.