Ni Aka Sani, Ɓarawo Na Cikin Sirri

Ɗan Gusau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga baitocina kan haɗa layin waya da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Amsa-amon "ri" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

A Disambar 2020 aka yi shela,
Kowa ya haɗa layi da NIN da sauri.

Na kama sahu tun kafin asalatu,
Na lulluɓa da bargo saboda ɗari.

Yatsu goma na dangwala musu,
Na ba da hoto, unguwa da gari.

Suka ce da wannan za a cafke
Masu garkuwa da mutane, a huta da sharri.

Bara aka ɗauke ƙanena a gona,
Ta waya suka yi ciniki, suna neman ƙari.

Na rubuta lambar, na kai inda ya dace,
Amsar da na samu: ka ƙara haƙuri.

Shanu huɗu muka sayar kafin ya dawo,
Hannayensa har yau da shatin ɗauri.

To ina amfanin bayanan da na bayar?
Ni aka sani, ɓarawo na cikin sirri.

'Yar Zazzau:
Allah Ya ƙara wa ƙaninka lafiya, Yaya.

Kukanka ya ratsa ni har zuciya,
Bari in ɗora maka da ɗan nazari.

Sashe na 37 na tsarin mulki
Ya yi wa gidanka da hirar wayarka tsari.

Dokar laifukan intanet ta 2015
Ta ce wa kamfanin waya ya yi tari:

Wa ya kira wa, yaushe, minti nawa,
Shekara biyu ana ajiye su a jeri.

Ƙa'idar hukumar sadarwa NCC ta 2019 ta ce
Sai da izinin alƙali a saurari asiri.

Amma in jami'i ya ce akwai gaggawa,
Sai ya kafa kunnensa ba jinkiri,

Takardar kotu ta biyo cikin awa 48.
Wannan ƙofar nake wa kallon haɗari.

Tsohon Soja:
'Ya'yana, ku saurari tsoho kaɗan,
Na kwana a daji, na ga tsanani da tauri.

Na binne abokai da hannuna,
Don ba mu san inda maƙiyi ke shiri.

Sau nawa sawun waya ya tona maɓoya,
Aka ceci rayuka, aka ga alheri?

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as,
Mai gaskiya me zai ɓoye wa gari?

Malamin Allo:
Baba, Allah Ya saka maka, amma
Mai gaskiya ma yana rataya asabari.

Suratul Hujurati, aya ta 12,
Ta hana mu bin diddigi da leƙen asiri.

Hirar miji da mata, ciwon da ake ɓoyo,
Bashin da ya hana magidanci sarari,

Ba laifi ba ne, sutura ce ta Allah,
Mai yaye ta ya zo da hujja, ko ya bari.

'Yar Zazzau:
Haka ne, Malam. Dokar kare bayanai ta 2023
Ta kafa hukuma, mun yaba da tsari.

Sai dai in an ambaci tsaron ƙasa,
Da yawan sharuɗɗanta ba sa tasiri.

Ɗan Gusau:
Baba, ban ƙi a bi sawun ɓarawo ba,
Ni na fi kowa son a yi masa ɗauri.

A Satumbar 2021 aka katse sabis,
Zamfara ta yi tsit, ƙauye da gari.

Sai mun ƙetare jiha mu gai da dangi,
Muka jure, muka ce magani ne mai tauri.

Lambar nan tana aljihuna har yanzu,
A 'yar takarda, na naɗe ta da ƙulli da ɗauri.

Jiya na kira ta, Baba, ta shiga,
Muryar da ta ɗauka ita ce ta fari.