Shawarwarin da Aka Bayar Kan Zaɓen Kamfanin Aika Imel Masu Yawa

A wata tattaunawa da aka yi kan wane kamfani ne ya fi dacewa wajen aika imel masu yawa, masu tattaunawar sun fi jaddada abu ɗaya: saƙon ya isa akwatin mai karɓa, kada ya faɗa cikin tarkacen spam. Wasu sun yaba wa Amazon SES saboda arha, sai dai yana bukatar gwani. Postmark kuwa an ce ya fi dacewa da saƙonnin rasit da sauya kalmar sirri.

Abin da ya fi damuna shi ne masu mantawa da saita SPF, DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa imel daga mai aika shi na gaskiya ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta su ga mai aika sama da saƙo 5,000 a rana zuwa adireshin Gmail. An kuma gargaɗi mai sabon adireshin IP (lambar da ake gane na'urar da ke aika saƙon da ita a intanet) da ya riƙa ƙara yawan saƙonni sannu a hankali, ya kuma raba saƙonnin talla da na ciniki, irin su rasit.